Sabon Mai a Motar Baban Yara

Mijina mutum ne mai furfura, amma abin wasansa ƙaramar mota ce da ba ta kai tsawon hannuna ba. Ƙanensa ne ya kawo masa ita daga Legas. Tana da ɗan injinta na gaske, ana tuƙa ta da rimot, kuma ba ta shan fetur, sai wani mai na musamman da ake aiko mana a galan ta hannun direbobin tasha. Kukanta kuwa kamar an tara sauron damina gaba ɗaya a gwangwani. Na sha ce masa ni dai na auri yaro, shi kuma ya ce ai gara mota da gidan giya. A nan kam ya yi gaskiya.

A injin shinkafa yake aiki tun kafin mu yi aure. Duk mako yana cikin rugugin injuna, ranar Asabar kuma, maimakon ya huta wa kunnensa, sai ya ɗauke ni a mashin mu tafi filin wata makaranta ya saki motar. Ni aikina riƙe galan da yin mita.

Kunnen ne ya fara tafiya a hankali. Kowa a gida ya sani, shi kaɗai ne bai yarda ba. Talabijin sai ya ƙure ta, in an yi magana ya ce mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki. Na yi lallashi, na yi faɗa a kan ya je asibiti, ya ce shi lafiyarsa ƙalau. Abin yana ci mini rai, don ina kallon mutum yana nisa da ni alhali muna ɗaki ɗaya.

Sai mai sayar da man ya daina kawo irin wanda muka saba. Ya aiko da na wani kamfani, kore maimakon ja. A ɗan injin akwai wata allura da ake murɗawa da sukudireba, ita ke ƙayyade man da zai sha. In ya yi yawa, injin ya riƙa gurgura kamar mai mura. In ya yi kaɗan, kukan ya yi siriri, injin ya ɗau zafi har ya ƙone. Da tsohon man, hannunsa ya riga ya san inda allurar take zama, ba ya buƙatar saurara. Sabon mai kuwa dole a sake saiti, kuma da kunne ake yi.

Ranar da muka gwada, rana ta take sosai, ko hayaƙin motar ba a gani da kyau. Ya zuba man, ya ja igiya, ta tashi. Ya ɗan murɗa allurar ya sake ta. Tun zagayen farko na ji abin ba daidai ba. Ni da ban taɓa riƙe sukudireba ba, shekarun da na yi ina tsine wa kukan nan sun sa na haddace shi. Wannan wani ihu ne siriri mai shiga haƙori.

Ya juyo yana murmushi ya ce, "Maman yara, kin gani? Wannan sabon mai ba shi da surutu sam. Yau ba za ki yi komplen ba."

Ya juya mini baya ya ci gaba da tuƙi. Na kira shi, bai waiwayo ba. Na ɗaga murya har wasu mata masu wucewa da itace suka tsaya kallo. Da na ga haka na ajiye galan, na ruga na daki kafaɗarsa, na ce ya kashe.

Ya kawo motar ya kashe. Ya tofa yawu a kan injin, yadda yake yi in zai gwada zafi. Yawun ya yi cau ya ɓace nan take. Ya daɗe a tsugune yana kallon wurin.

"Tun yaushe yake kuka haka?"

"Tun da ka sake ta."

"Da ƙarfi?"

"Har bakin titi ana ji."

Bai yi musu ba, kuma wallahi na fi son a ce ya yi. Muka zauna a gindin mangwaro har injin ya huce. Sannan ya buɗe allurar sosai, ya tayar, ya ce in tsaya a gabansa. Ya riƙa rufe ta kaɗan-kaɗan, in motar ta zaga ta dawo sai ya dubi fuskata. Na girgiza kai, ya murɗa. Na sake girgizawa, ya sake murɗawa. Can sai ga kukan da na sani, cikakke, ba mura ba ihu. Na ɗaga masa kai, hawaye na zubo mini.

Zagaye ɗaya ya ƙara, ya kashe ta, ya fara goge ta da tsumma. Bai ɗago ba ya ce, "Ba motan kawai ba ne. Muryanki ma rabi nake ji. Na daɗe bakinki nake kallo."

Ya ɗaure motar a kwali, ya tayar da mashin, na hau bayansa da galan a cinyata. Sai da muka hau titin gida bakina ya buɗe. Na matso kusa da kunnensa na ce kada ya damu, Litinin za mu je asibiti tare, kuma ko me likita ya ce ina nan. Na faɗa har sau biyu. Ina bayansa, ba ya ganin bakina, haka ya ci gaba da tuƙi har muka isa gida.