Ranar da Na Sa Ɗana Ya Kwance Ƙarfen Matse Katako

Ni dai ban taɓa shiga lakkwal ba, wato makarantar boko, maƙwabciyata malama ce ke rubuta wannan ina faɗa mata. A lokacin da abin ya faru ni ce tsohuwar da ba a ja da ita a ƙauyenmu, nan kusa da Attantané. Marigayi maigidana masassaƙi ne, turmi da kujera da ƙota duk hannunsa ne, kuma shekara da shekaru ni ke zama kan icce in danne masa yana sara da gizago. Saboda haka nake ganin babu abin da ya shafi katako da wani zai koya mini.

Ɗana na fari kafinta ne a Mayahi. Gab da damina ƙofar ɗakina ta ruɓe, sai ya zo kan kabu-kabu da katako da ƙaramin gurup mai ba da wutar lantarki da wani sabon inji da ya sayo a Maraɗi. Injin yana da mariƙi biyu, a ƙasansa akwai haƙorin ƙarfe mai juyawa, shi ke ƙwaƙule rami a jikin katako inda za a cusa bakin wani katakon su haɗu. Da ƙarar gurup ta tashi, matan unguwa suka cika gidan don kallo. Ya zana wurin ramin da fensir, ya matse katakon a jikin benci da ƙarfe biyu, ya sa gilashi a ido. Sai ya riƙa cin ramin kaɗan kaɗan: ya bi sau ɗaya, ya kashe, ya jira haƙorin ya tsaya cak, ya ƙara masa tsawo kamar faɗin farce, ya sake bi. Rami guda sai da ya koma masa wajen sau biyar.

Wata tsarata ta yi dariya ta ce ashe injin ma rago ne. Maganar ta sosa ni. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na kallonsa ido da ido, don haka na juya wajen matan na ce su gaya wa wannan mutumin ubansa bai taɓa ɗaure icce kamar akuya ba, ya kwance ƙarafan nan in zauna a kai, ya kuma nutsa haƙorin gaba ɗaya mu huta da ɓarnar isansi, man da gurup ke sha. Ya sunkuyar da kai ya ce a hankali, Inna ta yi haƙuri, wannan ba gizago ba ne, in ya ci da yawa tsalle yake. Na ce to a tambaye shi, shi ya haife ni ko ni na haife shi. Na ga yadda ya daɗe yana kallon ƙarafan, sannan ya kwance su, ya saki tsawon haƙorin gaba ɗaya. Ba zai iya musa mini a gaban mutane ba, ni kuwa na san haka, da shi na yi amfani.

Na hau katakon na gyara zama ina taƙama. Haƙorin na shiga sai na ji kamar jaki ya harbi katakon daga ƙarƙashina. Na faɗi gefe, injin ya ƙwace daga hannunsa ɗaya, ya ci gindin babban yatsansa na hagu. Abin da har yau ba na mantawa shi ne, da ya kashe injin bai dubi hannunsa ba, ni ya zo ɗagawa yana tambaya ko na ji ciwo. Jininsa ne ya jiƙa mini zane. A nan na manta da kunyar ɗan fari, na ƙwala kiran sunansa a gaban kowa, abin da ban taɓa yi ba tun ranar da aka raɗa masa shi.

Aka ɗaure hannun da ɗankwalina aka kai shi gidan likita a Mayahi. Na bi su washegari. Matarsa ta shimfiɗa mini tabarma ta kawo ruwa, jikokina huɗu suna zagaye da ni, kuma duk tuwonsu daga wannan yatsa yake fitowa. Lokotoro, wato likitan, ya ce sai an kwance ɗinki za a san ko jijiyar ta tsira. Kwanakin nan ban san ɗanɗanon fura ba. Ranar da aka kwance, ya ɗaga hannun ya motsa yatsan a gabana yana murmushi, ya ce Inna ta gani, bai tafi ko'ina ba. Na ce masa ya yafe mini. Ya ce in daina, uwa ba ta roƙon ɗa. Na ce wannan uwar ta roƙa.

Alhamdu lillahi, yatsan ya warke, ƙarshensa ne kawai ba ya lanƙwasa sosai, kuma aikinsa bai ragu ba. Damina ta wuce ina rufe ɗaki da zana, ban yi ƙorafi ba. Bayan an kai gero rumbu ya dawo ya ƙarasa ƙofar, ya matse katakonsa, ya ci ramukansa kaɗan kaɗan da hannu biyu a kan mariƙi, ni kuwa ina can gindin iccen bedi ina korar masu matsowa. Ƙofar tana nan, ko ƙusa ɗaya babu a mahaɗinta, iska ba ta girgiza ta.

Ku masu wannan sana'a, kada ku kwance ƙarfen nan don kowa, kada ku nutsa haƙori lokaci guda don a ce kuna da sauri. Ku kuma 'yan'uwana tsofaffi, abin da muka sani mun san shi, amma akwai abin da ya zo bayanmu. In Allah ya ba ki ɗa mai jin magana, ki auna abin da za ki ce masa a gaban jama'a, domin zai yi, ko da ya san hannunsa ne zai tafi.