Wata Biyun da Ba Wanda Ya Mutu a Jega

Shekara biyu da yanke mana jiha daga Sakkwato zuciyata ta fara yi min wasa. Ina koyarwa a wata firamare a Jega lokacin. Sai ina tsaye gaban allo da alli a hannu, in farka in gan ni a ƙasa, 'yan aji sun yi cirko-cirko a kaina. Daga wannan asibiti zuwa wancan, har aka dangana da ni wani babba can Kudu, inda likitoci suka ce zuciyar tana nawa wajen bugawa, wani lokaci ma ta tsaya ta huta. Suka tsaga ƙirjina ta hagu, can sama kusa da kafaɗa, suka saka wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana mai zungurar zuciyar idan ta yi sanyi. Mutanen gari ba su wahalar da kansu da dogon suna ba. Batir suka ce, sunan ya bi ni har yau.

Doka uku likita ya ba ni: kada in ɗaga hannun hagu ya wuce kafaɗa har mako shida, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kada in kifa ƙirji a kan inji yana aiki. Na dawo gida na tarar dangi sun ƙara ta huɗu ba su gaya min ba.

Ciwon jiki bai dame ni sosai ba. Ɗinki ya yi ƙaiƙayi ya warke, kafaɗa ta sage ta saki. Abin da ya ci min rai shi ne yadda kowa ya koma yi min magana ƙasa-ƙasa. Mai ɗakina, matar da ake jin faɗanta daga bakin titi, ta koma raɗa. Masu zuwa dubiya su zauna nesa, su zuba wa ƙirjina ido, su ce sannu sau goma su tashi. Ina nan da raina, ina cin tuwona, amma an riga an cire ni daga lissafin mutane. Ba abin da nake so irin in samu wanda zai yi min gardama.

Mutum ɗaya ne bai canza ba, taubashina, ɗan goggona, manomin albasa a Gumbin Kure. Tare muka tashi, tare muka sha bulala, kuma tun muna yara bai taɓa ganina ya ƙyale ni ba. Kwana biyar da dawowata ya faɗo gidan da ƙafa duk laka, ya kara kunne a ƙirjina ya ce, “Wace tasha kaka kamawa? Kaduna ko Rima?” Na yi dariya har ɗinki ya ja ni. Mai ɗakina ta leƙo a firgice, ya ce mata ta koma, gyaran rediyo yake. Da zai tafi ya zaro batiran tocila guda biyu daga aljihu ya dire min a tabarma, ya ce in ajiye ko da na ciki zai ƙare ranar da ba kasuwa. Ya kuma yi alkawarin albasar fari da zai cira tawa ce.

Daga nan ban sake ganinsa ba. Na tambaya, aka ce yana fadama wajen ban ruwa. Na sake tambaya, aka ce ya bi lodin albasa Kudu. Na ji haushinsa ƙwarai, har na shirya baƙar maganar da zan tare shi da ita. Wata rana mai ɗakina ta ce za ta suna Maiyama, ta dawo ido jajawur, ta ce hayaƙin girki ne. Na yarda, don ban taɓa kama ta da ƙarya ba.

Sai na fara lura da wani abu. Jega gari ne babba, ba a yin mako ba ka ji an yi rashi a wata unguwa ba. Amma tun da na dawo ba wanda ya mutu. Ba wanda aka yi wa sata, ba motar da ta faɗi, ko akuya ba ta ɓata ba. A masallacin ƙofar gida, da na iso sai hira ta koma kan tsadar taki.

Da na cika wata biyu na gaji. Na ce zan miƙe ƙafa, na zarce tasha na hau mota zuwa Aliero, don na san duk mai albasa can yake ƙarewa. Warin albasa ya tare ni tun daga bakin gari, buhuna jere, ana ta lodi. Ina cikin dube-dube wani dattijo dillali da ya san mu tare ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, ya haƙuri? Ban samu na taho maka gaisuwa ba, sai ga shi har an yi arba'in. Allah shi jiƙan taubashinka.”

Na ce amin. Bakina ne ya faɗa da kansa. Na zauna a kan wani buhu na dafa ƙirji ina jiran abin da dangi suke tsoro ya faru. Ba abin da ya faru. Zuciyar tana ta bugawa ɗaya bayan ɗaya, hawaye na zuba a gemuna.

Motar da na hau ta ratsa Jega, ban sauka gida ba. Na canza wata zuwa Maiyama, daga can aka goya ni a babur har Gumbin Kure. Goggo tana zaune bakin ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Da ta gan ni ta ture ƙwaryar ta ce, “Wa ya gaya ma?” Zazzaɓin kwana uku ne ya ɗauke shi, mako biyu bayan zuwansa wurina. Ta ce, “Ni na ce a ɓoye ma. Na rasa guda, ban iya rasa biyu. Cewa munka yi in ka ji, abin nan na ƙirjinka tsayawa zai yi.”

Na zo da faɗa cike da bakina, amma wa zan yi wa? Na kama hannunta na ɗora a kan ɗan tudun da ke ƙarƙashin fatata, na ce, “Goggo, ji. Na ji labarin, ga shi kuma yana aiki.” Ta daɗe ba ta ɗauke hannun ba. Sannan ta shiga ɗaki ta jawo wani ɗan kwando. Albasar fari ce, ya cire ta kwana biyu kafin ya kwanta, ya ce ta mai batir ce kada kowa ya taɓa. Duk ta tsiro, koren ganye ya fi ɗan yatsa tsawo. Aka raka ni makabarta na yi masa addu'ar da ya kamata in yi tun yana kan makara.

Da la'asar na shiga gida da kwandon a hannun dama. Mai ɗakina ta gan shi ta zauna a ƙasa. Na ce mata, “Kun hana ni wanke ɗan'uwana, kun hana ni sallarsa. Kada a sake.” A ranar ta yi min magana da muryarta ta da, tana kuka tana faɗa, wai da na faɗi matacce fa, wa za a zarga? Wallahi daɗin faɗan nan na ji.

Bayan mako guda wani tsoho maƙwabcinmu ya rasu. Ni aka fara bugo wa ƙofa. Na bi jama'a, na sa kafaɗar dama na ɗauki makara 'yan taku kaɗan, ba wanda ya hana ni.

Sau biyu aka canza min batirin ƙirji tun daga lokacin. Na tocilan nan biyu suna nan cikin akwatina, sun yi tsatsa sun zubar da ruwa, mai ɗakina ta sha cewa in yar. Ce mata nake a bari, ban sani ba ko na ciki zai ƙare ranar da ba kasuwa.