Hujin Katangar Mai Tayal

Rigimar farko da Ma'auni ya yi da surukinsa, kashi ya sha, kuma a gaban leburori. Ya tsaya a gindin tsaunin da za a gina wa surukin gida a kai, sanye da hular kwanonsa, yana ta bayani, wai filin gangare ne, ƙasarsa mai zamewa ce, gara a nemi wani. Mai Tayal, uban matarsa, ya bari ya gama tsaf, sannan ya nuna wata akuya can sama tana tuƙa, ya ce ga wadda ba ta je jami'a ba ta hau lafiya. Ya ƙara da cewa da shi ma ya tsaya aune-aune ranar da aka zo neman 'yarsa, da wani har yau tuzuru ne. Leburori suka bushe da dariya. Tun ranar sunan Ma'auni ya manne masa kamar kaska.

Ɗan mai haƙar rijiya ne. Ya tashi yana ganin ubansa na fitowa daga rami jiƙe sharkaf, shi ya sa ba abin da yake tsoro irin ruwan da ido ba ya gani. Ya karanta injiniya, ya fito siriri kamar sandar awo, fuska ba annuri. Matarsa ta ce ko shayi ta miƙa masa sai ya leƙa ko kofin ya karkace.

Haka ya karɓi aikin yana cije baki. Aka yanka tsaunin hawa-hawa, aka haƙa har aka taras da dutse, aka dasa ginshiƙai. Motar kankare ta ƙi hawa, sai da bututu aka tura shi sama. Can ƙololuwa gidan tsohon ya tashi, gilashi ta ko'ina, har da tafkin wanka, ga mutumin da ko kwalbati ba ya tsallakawa sai an riƙe shi. A ƙasa aka yi ƙatuwar katanga mai tare ƙasar tsaunin, a gindinta kuma ɗan sashen da Mai Tayal ya ba 'yarsa da jikokinsa. Wai kyauta. Kowa dai ya san so yake kullum safiya ya leƙo ya ga surukinsa a ƙarƙashinsa.

Katangar nan Ma'auni ya zuba mata tsakuwa ta baya, ya bar mata huji jere da jere, don ruwan da tsaunin ya sha ya sami hanyar fita. Da aka yi ruwan farko sai hujin ya zubo da jan ruwa, ya yi wa katangar zane. Ranar kuwa tsohon ya kawo abokansa ganin gida, wani mai baƙin baki ya ce katangar mura take yi, a ba ta hankici.

Mai Tayal ya hau sama kamar fashewar taya. Ya ce a toshe hujin da siminti, a lulluɓe katangar da farin tayal na shagonsa. Ma'auni ya ce in aka toshe ruwa zai taru a baya ya turo ta. Gidan sama yana kan ginshiƙai, ba ruwansa, sashen ƙasa ne zai sha. Tsohon ya ce tun wani yana fitsarin kwance yake sayar da kayan gini, in ba zai yi ba ya ajiye hular, injiniyoyi sun fi ƙudan kasuwa yawa. Matar Ma'auni ta shiga tsakani tana hawaye.

"Baba ne fa. Ka bi shi a hankali mana."

Shi kuwa Ma'auni tagar ɗakin yaransa yake kallo, wadda in ka miƙa hannu daga ciki sai ka taɓa katangar.

Da motar tayal ta iso, Mai Tayal ya tsaya yana ba magina umarni, ko kallon surukin nasa bai yi ba. Ma'auni ya zo ya durƙusa, ya cire hula, ladabi kamar na sabon ango. Abin da ya faɗa shi ya sa har yau katangar ke murarta, tayal ɗin kuma ya koma shago.

"Baba, gidanka ne, a toshe. Alfarma ɗaya nake roƙo. Jikokinka su hau sama su zauna, kai ka sauko sashenmu, mu jingina maka gadonka da katangar. Damina ɗaya kawai."