Mai Ɗinkin Guga a Ƙofar Attajiri

Gidanmu na Umdurman yana cikin wani lungu bayan layin maƙera, inda ƙarar guduma ba ta yin shiru sai an kira magariba. A nan kakata ta wajen uba ta tsufa. Sunanta Hajja Kande, amma mu jikoki Habboba muke ce mata, kamar yadda 'ya'yan maƙwabta suke kiran tasu kakar. A hanya aka haife ta. Iyayenta sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka ce bari su tsaya su nemi na gaba. Ba su gama neman ba har aka binne su a nan.

Suyar gyaɗa ce sana'arta. Da an idar da magariba sai ta hura gawayi a tsakar gida, ta ɗora kasko cike da yashi, ta zauna a bakin gadonta na igiya tana juyawa. Mu kuma mu kewaye wutar da kwanuka muna ɓare gyaɗar gobe. Har yau in na ji ƙamshin gyaɗa a cikin yashi mai zafi sai in ji yatsuna suna zogi. Wanda yakan zauna kusa da ni shi ne Mu'awiya, ɗan Gwaggo Hawwa, ƙanwar babana. Sa'ana ne, ya fi ni kai, ya kuma fi ni tambaya.

Habboba ba ta fara tatsuniya sai ta ga ɓawo ya taru. Sannan ta ce, "Ku ba ni aron kunnuwanku, hannuwanku kuma ku bar su a bakin aiki." Mu ce mun bayar. Yawancin tatsuniyoyinta na dariya ne. Amma akwai wata da takan yi a ranakun da ciniki bai yi ba, ita ce ta fi zama a raina.

Ta ce an yi wani saurayi mai suna Tanko, mai ɗinkin guga. In ya ɗinka guga, ko ɗigo ba ya zuba. Wata shekara rijiyoyin garinsu suka ƙafe, ba mai bukatar guga, sai ya rataya jakarsa ya nufi birni. Kafin ya tafi ya gaya wa kowa cewa gidan babban attajirin birni zai yi aiki.

Da ya isa ya tarar da ƙofa doguwa mai ƙusoshin tagulla. Mai gadi ya leƙo ya tambaye shi abin da ya iya. Tanko ya ji kunyar ya ambaci guga a gaban irin wannan ƙofa, sai ya ce ya iya komai. Mai gadi ya ce yau babu aikin komai a gidan, ya dawo gobe. Ya dawo, aka sake ce masa gobe. Haka ya yi ta zarya har ya gaji, ya shimfiɗa buzunsa a gindin katangar ya tare.

A gefen ƙofar akwai wata tsohuwa mai sayar da fura. Ta lura da shi, wata rana ta tambaye shi sana'arsa ta gida, ya faɗa mata da murya ƙasa-ƙasa. A nan Habboba takan sauya murya ta koma tsohuwar. "Ɗana, ba a ɗaukar mai cewa ya iya komai. Akwai rijiya bayan kasuwa. Je ka zauna can, duk wanda gugansa ya yage ka ɗinke masa, ko bai ba ka komai ba. Mutane su ga hannunka, su san sunanka. Ƙofar nan kuma ka riƙa leƙowa, ba gudu za ta yi ba."

Tanko ya ce idan ya matsa, wataƙila ranar ce za a kira shi. Kuma ina zai sa fuskarsa in mutanen garinsu suka zo kasuwa suka gan shi a bakin rijiya? Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta. Basillarsa ta yi tsatsa a cikin jaka, furfura ta fito masa.

Rannan attajiri ya yi baƙi da raƙuma masu ƙishirwa, sai gugan gidan ya yage. Mai gadi ya fito da gudu yana cigiyar mai ɗinkin guga. Tanko ya miƙe ya ce ga shi. Aka shigar da shi ƙofar da ya tsufa yana kallo, aka ajiye masa fata da zare. Yatsunsa suka ƙi lanƙwasuwa. Ya dai lallaɓa ya ɗinka, aka zura gugan a rijiya, kafin ya iso sama ruwan ya tsiyaye. Aka aika bayan kasuwa aka ɗauko wani, shi kuma aka raka shi waje aka rufe ƙofa.

Mu'awiya ya tambaye ta ina Tanko ya tafi bayan nan. Habboba ta ci gaba da juya yashinta ta ce, "Bai tafi ko'ina ba, jikana. In ka girma ka haye Khartum, za ka gan shi a ƙofar kowace ma'aikata." Sannan ta ce tatsuniya ta ƙare amma gyaɗa ba ta ƙare ba, mu duƙa.

Ta rasu muna sakandare. Ni na karanta aikin lantarki a jami'a, Mu'awiya ya karanta likitancin dabbobi. Da muka gama, kullum da sassafe mukan goge riguna, mu saka takardunmu a leda saboda zufa, mu shiga hafila, motar haya, mu haye gada zuwa Khartum. Ya nufi nasa ofisoshin, in nufi nawa, da la'asar mu haɗu a tasha ba mai tambayar wani. Na ga mutanen da Habboba ta faɗa, zaune a inuwar darbejiya da ledoji irin tawa, wasu sun haife ni.

A wani ofis ma'aikacin da na samu ya daɗe yana kallon sunan kakana a takarda, ya tambaye ni asalinmu. Na ce Umdurman. Ya ce kafin nan fa. Na ce a nan aka haifi babana. Ya yi murmushi ya ce za a neme ni. A wani wurin kuma aka tambaye ni wanda ya turo ni, da na ce ba kowa sai aka nuna mini inda ake tara takardu, tuli guda a ƙasa kusa da taga.

Bayan watanni aka kira ni ganawa a wani kamfanin gine-gine. Wani dattijo mai tabarau ya karɓe ni da mutunci, ya tambaye ni wane aiki na fi iyawa. Yunwar aiki ta riga ta cinye ni, sai na ji bakina ya ce, "Ayyi haja, ya ustaz. Kowane iri." Ya rufe takarduna a hankali, ya yi mini addu'a. Ina cikin hafila a tsakiyar gada, motoci sun cushe, ina kallon ruwa, sai na gane amsar wa na bayar.

Daga ranar na sauya. Na zauna na tambayi kaina abin da hannuna ya fi sani, na ga injin ɗaga ruwa ne da janareta. Shi na riƙa ambata a duk inda na shiga, in faɗi wanda na gyara da abin da ya same shi. Na bi gidajen unguwa ina gyara injinansu, ina ɗaukar hoton aikin a waya. Na daina ɓoye wa mutane cewa ba ni da aiki. Na gaya wa liman, na gaya wa telan babana a Kasuwar Umdurman, na gaya wa mai shayin da nake zama wurinta a Khartum, wadda a da ko sunanta ban tambaya ba. Inda na ajiye takarda kuma nakan koma in gaishe su in tuna musu, amma ban ƙara wuni a ƙofar kowa ba.

Mai shayin ce wata rana ta ce wani mai shagon gyaran injina a unguwar Alhilla Kuku yana shan shayi a wurinta, yana kukan rashin mai hannu. Na je, ya ba ni wani inji da ya ƙone, na naɗe masa waya, ya tashi. Aikin da nake yi ke nan har yau. Ba shi na yi wa karatu ba, babana ma ya daɗe bai iya gaya wa abokansa inda nake ba. Amma ina ci, ina ciyarwa.

Da labarin ya tsaya a nan, da na ce Habboba ta ba mu mabuɗi. Sai dai Mu'awiya ya riga ni yin duk wannan. Bai taɓa cewa ya iya komai ba, cutar nonon shanu ya ce, kuma ya san ta. Yakan je Alhilla Kuku ya shiga garken masu madara yana duba musu shanu kyauta, takalmansa duk kashi. Masu shanun sun san sunansa, suna sa masa albarka, amma ba mai ƙarfin ɗaukarsa. Ya sha kaiwa matakin ƙarshe a ganawa, sai a ba wani mai dangi a ciki. Yarinyar da yake nema ta jira iya jiranta, ta auri wani. Ya rame, tambayoyinsa suka ƙare.

Wata safiya ya zo shagonmu ya ce ya sami masu tafiya arewa ta hamada. Na roƙe shi ya ƙara haƙuri. Ya ce, "Ɗan'uwa, na zauna a bakin rijiyar. Ba mai zuwa ɗiban ruwa." Ya kira mu sau ɗaya daga wani gari na kan iyaka, muryarsa tana yankewa. Daga nan ba mu sake jin sa ba.

Yanzu samari sukan zo shago su tambaye ni yadda ake neman aiki. Ina gaya musu abin da na sani: su ambaci abu guda, su bar shaidarsa a hannu, su gaya wa mutane, kada su jingina da ƙofa ɗaya. Na yarda da shi, don na ga ranarsa. Amma na daina faɗinsa da bakin wanda ya tabbata. Tatsuniyar ta koya mana yadda mutum yake cutar kansa, ba ta ce komai ba game da wanda ya yi daidai kuma aka ƙi shi. Wataƙila Habboba ta sani, ta ga mun yi ƙanana da jin wannan.

Juma'ar da ta wuce na je gaida Gwaggo Hawwa. Idanunta sun yi rauni, sai da na yi magana ta gane ni. Ta shafa hannuna, ta ji kantar aiki a tafina, ta riƙe ba ta saki ba. Can ta ce, ba da faɗa ba, kamar mai son a fahimtar da ita, "Bashir, ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah. Me ka yi wanda shi bai yi ba?"

Na duba ko'ina a raina. Na ce, "Babu, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai, ta ce ita ma haka ta gani.