Telar da Ba Ta Gaggawar Kalmasa

Duk 'yan layin sun san ta da Sai-ya-zauna. Tela ce, shagonta bai fi ɗakin girki ba: keke ɗaya, teburin yanka, da ƙusoshi jere a bango. In ta ɗinka siket ba ta kalmasa shi ranar. Takan rataye shi a ƙusa kwanaki, yadin ya sauko ya daidaita, sannan ta daidaita bakin. Mai kaya ta yi ta magiya, amsar ɗaya ce: "Hajiya, sai ya zauna." Suna mita, amma ba mai kai ɗinki wani wuri.

Tana da 'ya ɗaya da miji mai gyaran fanka, mutum mai tsokanar tsiya. Rayuwa dai alhamdulillahi. Abin da ya rage mata a zuci shi ne ta samar wa 'yar nan ƙani ko ƙanwa.

Wata rana tana taka keke, mararta ta soke ta ta gefen dama, har ta kasa miƙewa. Maigidan ya kai ta asibiti. Bayan hoton ciki, likita ta juyo mata da allon na'urar. Ta ce wata 'yar jaka ce ta fito a jikin ma'ajiyar ƙwanta, jini ya taru a ciki.

"Likita, cire wurin za ku yi? Haihuwar fa?"

"Ba abin da za mu cire yanzu," in ji likita. "Irin wannan yawanci jiki ke shanye ta da kansa. Ki sha maganin rage ciwo, ki huta, bayan 'yan makonni mu sake hoto. Amma in ciwon ya tsananta, ko kika ji jiri ko amai, ki zo nan take."

Haka kawai? Matar da ke koya wa mutane jira ta dawo gida tana faɗa. Ita dai a yi mata wani abu, ko allura ce! Tsoro ne fal cikinta, ba ta kuma ɓoye ba. Maigidan ya miƙo mata ruwa da magani, ya gyara murya.

"Hajiya," ya ce, "sai ya zauna."

Ta wurga masa matashi, sannan dariya ta ƙwace mata duk da ciwon.

Makonnin nan ta ɗanɗani abin da take yi wa masu kaya. Ta bar keken ya huta, ta koma sa maɓallai tana zaune. Ciwon ya riƙa ja da baya har ta manta gefen da yake. Da aka sake hoto, likita ta duba ta sake dubawa, ta ce jakar ta tafi, ma'ajiyar ƙwan kuma lafiya lau.

A hanyar gida ta tsaya wurin mai yadi, ta sayi ɗan ƙyalle mai laushi, wanda bai isa rigar kowa ba sai ta jariri. Ta rataye shi a ƙusar ƙarshe, kusa da taga.

"Wannan na wa ne?" maigidan ya tambaya.

Ta zauna, ta ɗora ƙafa a kan keke. "Ba ruwanka, Malam. Bar shi a nan, ba sauri nake ba."