Burodin da Baba Ke Gasa Mana Ranar Asabar

Daga Allah muke, kuma gare Shi Baba ya koma da hantsin ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Maris, yana zaune a kan kujerarsa ta gyaran agogo, tabarau a hanci, ƙaramin sukundireba a hannu. Maƙwabciyarmu da ta fara ganinsa ta ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Baba, har yanzu idan na lumshe ido ina ganin falonka da safiyar Asabar. Rana tana shigowa ta labulen nan mai ruwan ƙasa, agogunan mutane da ba a zo karɓa ba suna rataye a bango, kowanne da lokacinsa. Wani ya ce bakwai, wani ya ce sha ɗaya, kai kuma kana kicin ɗaure da tsohon zanen Mama a ƙugu, ba ka kallon ko ɗaya.

Kafin rasuwar Mama ko ruwan shayi ba ka iya dafawa ba, muna yi maka tsiya a kan haka. Bayan ta tafi ne ka koyi abu guda, ka riƙe shi gam. Tun ranar Alhamis kake yanka burodi da kauri, ka jera a faranti, ka rufe da ƙyalle ya sha iska. Ka ce sabon burodi rago ne, da ya ga madara sai ya narke. Da asubar Asabar ka fasa ƙwai takwas, ka kaɗa da madara da sukari da garin kirfa, ka shafa bota a tire, ka kwantar da yankan suna jingine da juna, ka kwarara ruwan a kai, ka tura tiren cikin obin, murhun gashin nan. Kusurwar da ta fi yin ja ta maƙwabciya ce kullum, saboda ita kaɗai take zaune. Kai da kanka kake kai mata, da cokali a naɗe cikin takarda.

Na taɓa ce maka a kasko ake soya irin wannan, ya fi sauri. Ka ce, "Na kasko ɗaya-ɗaya yake fitowa. Na obin kuwa sau ɗaya yake sauka."

Na gane abin da kake nufi. A lokacin ni da Yaya mun shekara ba ma magana. Ranar da Mama ta cika yana hanya bai iso ba, da ya iso, ni kuma a ƙofar asibiti na faɗa masa abin da har gobe nake jin kunyarsa. Bai rama ba, sai ya daina kallona. Ba ka taɓa zaunar da mu ka yi mana wa'azi ba. Ka dai ce karin kumallon Asabar wajibi ne, kuma ba a kai wa kowa nasa gida.

Sai mu zo mu zauna, shi a bakin taga, ni a bakin ƙofa, agogunan suna ta ƙas-ƙas a tsakaninmu. Idan na leƙo kicin ka ce, "Saura kaɗan, Auta." Wannan kaɗan ɗin naka ba shi da iyaka. Yunwa da zaman shiru suka fara sa Yaya ya ce in miƙo masa kofi. Wata Asabar ya tambayi lafiyar yarana. Wata kuma muka yi dariya tare a kan mai gyaran agogon da bai san lokacin saukar da abinci ba. Shekara uku muna haka. Ba mu shirya ba, gaskiya, amma mun iya zama ɗaki ɗaya. Tsorona tun ranar Alhamis ɗin nan shi ne kai ne kaɗai igiyar da ke riƙe da mu, kuma ta tsinke.

Asabar ta biyu bayan rasuwarka na shiga kicin ɗinka. Burodin da ka yanka da safiyar ranarka ta ƙarshe yana nan ƙarƙashin ƙyalle, ya bushe ƙarau. Na buɗe kabad ina neman kirfa, sai na ga takarda manne a bayan ƙofar, irin waɗanda ka fara rubuta wa kanka da mantuwa ta soma kama ka. Ƙwai takwas. Madara kofi biyu. Minti arba'in. A ƙasa kuma, da rubutunka mai karkata: "Kada a kunna sai sun zauna su biyu."

Ashe duk saurin zuwana, tiren yana cikin obin mai sanyi. Ashe ƙamshin nan bai taɓa tashi ba sai bayan takalman Yaya sun haɗu da nawa a bakin ƙofa, ni ce ban lura ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Na jiƙa burodin, na sa tiren a obin, na ajiye ashana a kai. Ban kira kowa ba. Agogunanka suka yi ta faɗin abin da suka ga dama, rana ta tashi daga labule ta koma kan tabarma. Har na fara tunanin fito da tiren, sai na ji sallama.

Yaya ne, da kiret ɗin ƙwai a hannu. Ya tsaya a ƙofar kicin ya karanta takardar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya dube ni, ido cikin ido, karon farko tun ƙofar asibiti.

"Na zo, Auta," ya ce. "Kunna."

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka haɗa shi da Mama a Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga Goggo, ƙanwarsa ɗaya da ta rage, da jikokinsa, da maƙwabciyarmu da za mu ci gaba da kai wa kusurwarta. Ga Yayana kuma, Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya bar mu tare. Alhamis mai zuwa Yaya ne zai yanka burodin.