Kada Ki Saba da Ita

A unguwarmu ta masaƙa a garin Iseyin na ƙasar Yarbawa, da wuya ka nuna mutum ɗan ƙasa da shekara arba'in wanda ba Iya Wuraola ce ta yanke masa cibiya ba. Gajeriya ce mai ƙarfin hannu, kullum da goro a kumatu. Ko magidanci ne mai iyali, in ya cika ɗaga murya a taro sai ta ce, "Kai, zauna! Ni na fara ganin ɗuwawunka." Dole ya zauna ana yi masa dariya.

Aikinta ba mai kushewa. Bakinta ne dai ba linzami, ita kuwa sunan da ta sa wa wannan hali shi ne faɗin gaskiya. Irinsu suna ba ni haushi: su yanki mutum da harshe, su wuce gida su ci amala hankali kwance.

Ayinke, matar wani masaƙi, ta haifi 'ya'ya uku a hannunta, ba wanda ya kai yaye. Ta huɗun ta zo da hantsi wata ranar kasuwa, bakwaini, 'yar mitsitsiya, kukanta kamar na ɗan kyanwa. Iya Wuraola ta wanke ta, ta jujjuya ta, ta taɓe baki. Tana ɗaure ƙunshin kayanta cikin sauri, don ana jiran ta a wani gidan, ta ce:

"Ayinke, kada ki saba da wannan. Ba mai zama ba ce. Ki ba ta nono dai, amma ki riƙe zuciyarki."

A ganinta taimako ta yi. Kafin ta kai bakin titi ma ta manta ta faɗa.

Aka sa wa yarinyar suna Malomo, sunan da ake roƙon 'ya'yan wabi da shi su daina komawa. Ta kuwa zauna. Ta yi rarrafe, ta yi tafiya, ta girma har ta zama mai rinin zare. Ayinke ba ta taɓa barin ta da yunwa ba, ba ta taɓa dukan ta ba. Sai dai ba wanda ya taɓa jin ta yi mata kirarin gidansu da safe yadda uwaye ke yi, ko ya ga ta kwantar da ita a cinya tana yi mata kitso. Kakarta ce ta goya ta. Mutane suka ce Ayinke ba ta da zuciyar uwa, Iya Wuraola ma ta taya su faɗa.

Bayan shekara ashirin da shida, Malomo ta dawo gidan iyayenta haihuwar fari. Lokacin Iya Wuraola ta tsufa, goro ma sai an daka mata, kuma wannan ce haihuwa ta ƙarshe da ta karɓa. Da aka gama, Malomo ta manna jaririyarta a ƙirji, ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce a hankali:

"Iya, ke kika karɓe ni. Mama ta sha wuya sosai ne a haihuwata?"

"Wuyar me? Sulluɓowa kika yi kamar sabulu!"

"To me na yi mata? Tun ina ƙarama nake neman laifina, ban gano ba."

Tsohuwa ta buɗe baki za ta yi raha, sai maganar nan da ta yi wa Ayinke ta faɗo mata gaba ɗaya, har da muryar da ta faɗe ta da ita. Ta dogara sanda ta fita tsakar gida, inda Ayinke ke dafa ruwan wankan jego.

"Ayinke, wata magana da na yi miki ranar da aka haifi yarinyar nan..."

"Ina sane da ita, Iya. Kowace safiya."

"Haba! Ai sakin baki ne kawai. Ni ce Allah? Kin ga ta rayu, me ya hana ki zubar da maganar?"

Ayinke ta tura itace cikin murhu. "Ke kika san jarirai, Iya. Na ce bari ta kai yaye tukuna. Ta kai. Na ce bari ta yi shekara bakwai. In ta yi zazzaɓi sai in ce yau ce. Ranar da na gane ba inda za ta, ta riga ta fi ni tsawo, ta kuma daina miƙo mini hannu."

Iya Wuraola ta yi kuka, kukan baƙin ciki da kunya. Ta kama zanin Ayinke. "Na cuce ku. Tashi ki shiga, don Allah. Ki zauna kusa da ita, ko hannunta ki riƙe."

Ayinke ta juye ruwan a bokiti, ta ɗauka, ta nufi ɗakin. Da Malomo ta gan ta a bakin ƙofa, sai ta matsa gefe ta bar mata wuri a kan tabarma. Ayinke ta tsaya tana kallon wurin. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta mayar. Sai ta ajiye bokitin a nan bakin ƙofa.

"Ga ruwan. Kada ya huce."

"Na gode, Mama," in ji Malomo, ta gyara zama ta koma tsakiyar tabarmarta.